Amanar Datti Mai Ƙofar Ruwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙarfen buɗe ƙofar ruwa yana hannun Datti. Manoman da ke shan ruwa daga wannan reshe na kanal, tsakanin Kura da Bunkure, su suka danƙa masa, ba don ya fi kowa gona ko baki ba, sai don an san in ba ranarka ba ce, ko shinkafarka na kuka da hawaye ba zai buɗe maka ba. Mutum ne mai yawan shiru da dogon tunani. Bai yi makarantar boko ba. A jikin buhun taki da kwalaben maganin feshi ya koyi haɗa baƙi, yana da gemunsa. Da ya ƙware sai ya riƙa tsintar tsofaffin littattafai a bakin titi duk ranar da ya shiga birni, waɗansu babu bango, waɗansu ɓera ya ci gefe, yana tarawa a kwalin taliya.

Karatun da yake yi wa yara kuwa, ba da wata babbar niyya ya fara shi ba. Idan shinkafar rani ta fid da kai, ƙwayarta tana nono, tsuntsaye jan-baki sukan sauko kamar hadari. Sai a ɗebo yara a zuba a gonaki, kowanne da 'yar rumfarsa da igiya mai gwangwanaye, yana ja yana ihu. Ba 'ya'yan masu gonar ba ne, su suna makaranta. Marayu ne, da 'ya'yan waɗanda ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Tsuntsu na ɓarna daga asuba zuwa hantsi, rana na take tsaka ya koma cikin bishiyoyi, sai bayan la'asar ya dawo. A wannan tsakanin yaran kan faɗa kanal wanka. Bara ruwa ya ja wani yaro Baballe har bakin ƙofa, da ƙyar Datti ya cafo shi ta ƙafa. Ya yi tsawa, ya yi bulala, duk a banza. Rannan sai ya zauna gindin darbejiyar da ke kusa da ƙofar, ya buɗe littafi, ya kama karantawa da ƙarfi kamar shi kaɗai ne a duniya. Ɗaya bayan ɗaya suka fito daga ruwa, suna ɗiga, suka kewaye shi.

Yana da wata mugunta guda. Sai labari ya kai inda kowa ya buɗe baki, sai ya rufe littafin.

"Haba Baba Datti! Don Allah!"

"Maƙogwarona ya bushe," zai ce. "Ga littafin nan ƙarƙashin dutse. Wanda ya matsu ya tambaye shi da kansa."

Yawancinsu sai su yi ta ƙunƙuni su haƙura zuwa gobe. Mutum ɗaya ce takan ɗaga dutsen, Muhsina, 'yar shekara tara, 'yar abokinsa Nasiru. Uwarta ta rasu tun tana goye, tana hannun kakarta Iya Barira, mahaifiyar Nasiru. Aji biyu kawai ta yi a firamare, amma kullum a gefen damansa take zama, idonta na bin yatsansa. In ya tsallake layi don sauri sai ta dafa takardar.

"Baffa, ba ka faɗi wannan ba."

"Ke wa ya naɗa ki sufeto?"

Bana ma haka aka fara, da wani littafi marar bango, labarin wani mai fito da ya ɗauko baƙo a jirginsa, sai da suka kai tsakiyar kogi ya lura baƙon ba shi da inuwa. A nan Datti ya rufe. A makon ne tsutsar da manoma ke kira sharon ta gama da tumatirin Nasiru, gona guda ta ƙone kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Kwana biyu bayan haka aka wayi gari babu Nasiru. An nema a Garun Mallam, an tambayi direbobi, an leƙa asibiti. Shiru.

Daga ranar Muhsina ba ta sake zuwa gindin darbejiya ba. Datti ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ƙyale ta. Ya ajiye littafin mai fito ya ɗauko wani, don kada a ƙarasa babu ita. Amma mako ya wuce, na biyu ya bi, yana hango ta can a rumfarta da rana tsaka, ba tsuntsu ba komai, ta juya wa bishiyar baya. Abincin da ake kawo mata ma rabawa take yi.

Wata yarinya mai surutu, Aziza, ita ta fasa ƙwan.

"Ai ba za ta zo ba. Ita ta ɓatar da babanta."

"Ke, wace irin magana ce wannan?"

"Wallahi Baba Datti. Ranar da ta kai masa abinci gona ta yi masa labarin mai jirgin nan, da rana tsaka. Ka san ba a tatsuniya da rana, mutum ɓata yake yi. Kakarta ma ta faɗa."

Datti ya ji kamar an ɗora masa buhun taki a ƙirji. Ba don camfin ba, shi ma da shi aka raine shi. Abin da ya danne shi shi ne, duk faɗin garin shi kaɗai ya san Nasiru bai ɓata ba. Ranar da zai tafi, nan bakin ƙofar ya same shi da sassafe, da 'yar jakarsa. Iya Barira ta hana shi zuba tumatir a gonar duka, ta ce ya raba da albasa kamar yadda marigayi ubansa ke yi, ya ƙi. Da abin ya faru ta faɗa masa a gaban mutane. Ya ce ba zai iya kallon idonta ba sai ya riƙo wani abu a hannu. Zai bi motar albasa zuwa kudu ya yi dako a kasuwa.

"Yaya Datti, amana na ba ka. In Iya ta ji inda nake, kawuna za ta turo ya taso ni kamar akuya. Ko iska kada ta ji."

Ya ba shi sabuwar lambar waya. Datti ya karɓa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A lokacin abin bai yi masa nauyi ba.

Ya sallami yaran ya bi ta kan kunyoyin gonaki zuwa rumfar Muhsina. Ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

"'Yar Baffa, mai fito yana nan tsakiyar kogi, rana na dukansa. Ke yake jira."

Ba ta yi dariya ba.

"Na ji abin da ake faɗa," ya ce. "Ki saurare ni. Abin da aka hana tatsuniya ce. Wannan littafi ne. Littafi daban, tatsuniya daban."

Ta ɗago. "To gaskiya ne abin da ke ciki? An yi mutumin da ba shi da inuwa?"

Ƙarya ɗaya ƙarama za ta iya gyara komai, ya sani. Bakinsa ya ƙi.

"A'a. Wani ne ya ƙirƙira."

"To ai tatsuniya ce, Baffa. Rubuta ta kawai aka yi."

"Ni fa? Shekara guda ina karantawa da rana, ga ni zaune."

"Kai karantawa kake yi. Ni da bakina na faɗa masa." Ta kau da kai. "Har ya ce in na ji ƙarshen in gaya masa."

Ta ja igiyarta, gwangwanaye suka yi ƙara a kan gonar da babu tsuntsu ko ɗaya. Datti ya gane an sallame shi.

Bayan la'asar ya tafi gidan Iya Barira. Ya tarar da ita a zaure tana tsince albasa, ta rame, amma bakin yana nan.

"A'a, malamin tsuntsaye. Yau ba makaranta?"

"Iya, wurinki na zo ƙara. Me kika gaya wa yarinyar nan?"

"Me na gaya mata?" Sai ta tuna. "Au. Ranar da aka dawo daga nema ne, raina a ɓace, ta zo tana mini zancen wani mai jirgi. Na ce ku ne masu tatsuniya da rana, ga shi nan an ɓata. Baki ne kawai, ɗan nan. Ashe ta riƙe?"

"Ta riƙe da hannu biyu."

"To ai kai ka jawo. Mu da muka taso, wa ya isa? Sai an ci tuwo an shimfiɗa tabarma. In ta kama dole da rana, sai a ƙulle kan ciyawa tukuna, a ɗaure abin. Ka ƙulle?"

"Iya, kin yarda da wannan?"

Ta jefa albasa a kwando. "Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Ni dai na san yaron nan ya fita bai dawo ba." Ba ta ambatar sunansa, ɗan fari ne. "In yana raye, ko ta bakin mahaukaci ai da na ji."

Datti ya dubi ƙasa. Ya yi sallama ya fita da sauri kamar wanda ya bar ruwa a buɗe.

Washegari ya tsinko doguwar ciyawa a bakin kanal, ya ƙulle kanta, yana jin kunyar kansa, ya kai wa Muhsina. Ta karɓa ta jujjuya.

"Kafin a fara ake ƙullewa, Baffa. Ba bayan an gama ba."

Ta miƙo masa abarsa.

Kwana uku yana juya maganar. Yana buɗe ƙofa yana juyawa, yana rufewa yana juyawa. Abin da ya sani game da kansa guda ne: ba ya buɗe abin da aka ce ya rufe. Ya taɓa tsayawa yana kallon shinkafar ƙanin matarsa tana yaushi, ƙarfen yana hannunsa, bai buɗe ba, don ranar ta wasu ce. Da wannan ake gaishe shi a kasuwa. To amma ruwan da ya hana ƙanin matarsa, wani ne ya sha. Wannan shirun fa, wa yake sha? Kunyar Nasiru kawai. Sai wata zuciyar ta ce masa, ai haka duk mai cin amana yake farawa, da auna amanar ya ga ba ta da nauyi. Wanda ya ba ka ajiya bai ce ka duba ko ta cancanci ajiyewa ba. Ya ce ka ajiye. Kuma wa ya kawo littafin gindin bishiya tun farko? Anya ba laifinsa yake son wankewa da sirrin wani ba?

Bai sami amsar da ta kwanta masa ba. Abin da ya samu shi ne ranar Laraba, da rana tsaka, ya hango rumfar Muhsina babu kowa. Ya bi kanal da gudu. Can ya same ta kusa da titi, tana tsaye tana leƙa fuskar duk wanda ya sauko daga mota.

"Me kike yi a nan?"

"Wanda ya ɓata ai hanya yake nema. In ya gan ni zai gane wurin."

Ya mayar da ita rumfarta, ya koma bakin ƙofa ya kira lambar.

Hayaniyar kasuwa ta fara shigowa, sannan muryar Nasiru. Suka gaisa. Datti ya zayyana masa komai, bai rage ba.

"Yarinta ce, Yaya. Za ta manta. Ka ba ni zuwa bayan Sallah."

"Ba za ta manta ba. Ka kira ta, ko minti ɗaya."

"In na kira ta Iya ta ji. Ba ni da ko kuɗin motar dawowa, me zan ce mata?"

"To ka ji abin da zan gaya maka. Gobe bayan azahar zan faɗa wa Muhsina kana raye, da ƙafarka ka tafi. Ba zan faɗi gari ba."

"Yaya Datti! Ka karɓi amana!"

"Na karɓa. Shi ya sa na kira. Ban yarda in ci ta a bayan idonka ba. Zan ci ta ne kana sane."

"Wannan wayo ne kawai. Ci ai ci ne."

"Haka ne," in ji Datti.

"Ka san sunan da ake kiran mai yin haka."

"Na sani."

Wayar ta mutu. Ya sake kira, ba a ɗauka ba.

Da hantsin Alhamis, yana kan kwance ƙofa, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙo ne. Ya karanta sau biyu, ya tsaya har ruwa ya kusa fin ƙarfin kunyar gonar farko, sannan ya farga ya daidaita.

Bayan azahar yara suka taru gindin darbejiya. Ya aiki Aziza ta kira Muhsina, ya ce ta ce ba karatu ba ne, magana ce. Ta zo ta tsaya daidai inda inuwa ta ƙare, ba ta shigo ba. Datti ya taso ya durƙusa a gabanta.

"Babanki bai ɓata ba. Yana raye, yana aiki a wata kasuwa. Tun ranar da ya tafi na sani."

Ta dube shi, duban da bai taɓa gani a idon yaro ba.

"Don in dawo ne kake faɗa. Kamar ciyawar nan."

"Na san haka za ki ce." Ya fito da wayar. "Ya aiko da saƙo yau. Ba zan karanta miki ba, kada ki ce ni na ƙirƙira. Ki tambaye shi da kanki."

Ya san abin da ke layin farko. Yana iya matsar da rubutun sama da yatsa, ta fara daga na biyu, babu wanda zai sani. Ya miƙa mata yadda yake.

Hasken rana ya hana ta gani, sai ta matso cikin inuwa ba tare da ta lura ba. Ta sa yatsa a kan gilashin kamar yadda yake yi a takarda, ta fara haɗawa da ƙarfi, don ba ta iya karatu a zuci ba.

"Ya-ya Dat-ti... ka ci a-ma-na-ta. Ba zan man-ta ba."

Baballe ya zaro ido ya dubi Aziza. Datti bai motsa ba. Ya san kafin magariba maganar ta zaga gari.

"Ci gaba," ya ce.

"Ka ce wa Muh..." Ta tsaya. Ta ga sunanta. Ta haɗiye yawu ta sake farawa, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. "Ka ce wa Muhsina ba ita ba ce. Ni na tafi da kai-na. Ta ci a-bin-ci. Ta a-ji-ye mini ƙar-shen la-ba-rin mai jir-gi."

Ta koma farko ta sake bi, wannan karon leɓɓanta kawai ke motsi. A wurin mai jirgi ta tsaya. Babu wanda ya san Nasiru ya nemi ƙarshen labarin sai ita da shi, sai Datti da ta gaya wa. Ta ɗago tana neman fuskarsa.

"Kai ka rubuta?"

"Da ni na rubuta, da na sa layin farkon nan?"

Ta yi tunani. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa, ta yi kukan da ta riƙe mako uku. Aziza ta rungume ta tana cewa, "Ke dalla, ai murna ake yi," ita ma tana hawaye. Datti ya bar su. Da ta lafa ta share fuska da gefen hijabinta.

"Baffa, da gaske ka ci amanar?"

"Na ci."

"Laifi ne?"

"Laifi ne."

"To me ya sa?"

Duk abin da ya kwana uku yana juyawa, babu wanda zai shiga kunnen 'yar shekara tara, kuma shi kansa bai gama yarda da ko ɗaya ba.

"In kin girma kika gano, ki zo ki gaya mini," ya ce. "Yanzu tashi ki kai wa Iya labari."

"Sai na ji ƙarshen tukuna. Baba ya ce in ajiye masa."

Ya ɗaga dutse ya ciro littafin marar bango, ya kaɗe ƙasa. Har ya buɗe inda ya naɗe kunnen takarda, sai ta ce ya dakata. Ta ruga bakin kanal ta tsinko ciyawa, ta ƙulle kanta tam, ta ajiye a tsakiyarsu. Ta dube shi ko zai yi magana. Bai yi ba.

"Maƙogwarona ya bushe," ya ce, ya ɗora mata littafin a cinya.

"Kai Baba Datti, ita sai gobe ba ta gama layi ɗaya ba!" in ji Baballe.

"Kai ka iya rabin layi? Matso ka ga yadda ake yi."

Suka matso har kawunansu na gugar juna. Muhsina ta sa yatsa, ta sami wurin da mai fito ya daina tuƙi yana kallon ruwa, ta fara. In ta cije Datti ya ba ta kalmar, in ta wuce ya yi shiru. Ba su kai ƙarshe ba ranar. Suna shafi na biyu Aziza ta nuna yamma, inda wani baƙin abu ya taso daga kan bishiyoyi yana murɗawa. Yaran suka watse da gudu, kowa ya nufi igiyarsa. Muhsina ta naɗe kunnen takardar, ta mayar ƙarƙashin dutse da kanta, ta bi su.

Datti ya rage shi kaɗai. Ya kira lambar Nasiru, ta yi ta ƙara har ta tsinke. Anjima da yamma dole ne ya je ya tsaya gaban Iya Barira ya amsa tambayar da ya san za ta yi, ta yaya ya zauna a zaurenta yana kallon ta rame bai ce komai ba. Ya ɗauki ƙarfensa ya nufi ƙofa, don ranar manoman ƙasan kanal ce, kuma lokacinsu ya yi.